Gunkin da Ba Mai Bauta Masa: Sassaƙar Tiki da Iyakar Niyya

A jihohin Kalifoniya da Fulorida na ƙasar Amurka, da ma wasu wurare a Turai da Ostareliya, akwai mutanen da suke da ayyukansu na neman abinci a ofis ko masana'anta, amma idan suka taso daga aiki ko hutun ƙarshen mako ya zo, sai su shiga gareji ko farfajiyar gida su duƙufa sassaƙa wani irin mutum-mutumi da suke kira tiki, mai ƙaton kai da dara-daran idanu da wangamemen baki cike da haƙora, sannan su kai shi wuraren bukukuwa ko su tallata shi a intanet, masu mashaya da masu son ƙawata lambu su saya. Mafi yawan waɗannan masassaƙa ba su haɗa jini ko addini da mutanen tsibiran da siffar ta fito ba, kuma ba su bauta wa abin da suka sassaƙa, domin a wurinsu itace ne da aka yi wa ado. Tambayar da wannan aikin sha'awa yake tayarwa ta fi aikin kansa girma, wato ko siffar da aka samar domin ibada tana zama fanko da zarar wanda ya yi ta ya ce shi bai nufi ibada ba, ko kuwa akwai wani abu tare da ita da niyyar mutum ɗaya ba ta isa ta kankare shi ba.

Wajibi ne a fara sanin abin da ake kwaikwaya. Folinisiya yanki ne mai faɗi a tekun Fasifik, wanda tsibiransa suka bazu tsakanin Hawai daga arewa, Niyu Zilan daga kudu maso yamma, da Rapa Nui daga kudu maso gabas, kuma mutanensa suna magana da harsuna 'yan uwan juna, labaransu na asali ma suna kama da juna. A wurin Maori, wato 'yan asalin Niyu Zilan, da kuma mutanen tsibiran Markisas, Tiki shi ne mutum na farko, da wannan suna kuma ake kiran siffar mutum da aka sassaƙa a itace ko dutse ko ƙashi. Mutanen Hawai suna ce wa irin wannan siffa ki'i, na Tahiti kuma ti'i. Kowane tsibiri da salonsa. Tikin Markisas yana da manyan idanu kewayayyu, hannuwansa a kan ciki, gwiwoyinsa a lanƙwashe, kuma wanda ake kira Takaii a wurin ibada na Iipona da ke tsibirin Hiva Oa dutse ne da ya haura mita 2 a tsayi. Na Hawai, musamman salon yankin Kona, shi ne mai yagaggen baki da tsayuwar ɗan kokawa, yayin da hei-tiki na Maori ɗan ƙaramin abin wuya ne mai karkataccen kai, wanda ake gogawa daga koren dutsen nan mai tauri da suke kira pounamu.

Akwai abubuwa biyu da ba a fahimtar waɗannan siffofi sai da su. Na farko shi ne mana, wato wani ƙarfi ko kwarjini da aka yi imani yana saukowa daga ababen bauta ta hanyar kakanni, yana zama a jikin sarakuna da gwanayen sana'a da kayan da suka daɗe a hannunsu. Na biyu shi ne tapu, da mutanen Hawai suke cewa kapu, wato hanin da yake kewaye duk abin da ke ɗauke da mana domin kada a wulaƙanta shi, kada kuma ya cutar da wanda ya kusance shi ba bisa ƙa'ida ba. A jikin mutum babu gaɓar da ta kai kai tapu, kuma babu abin da ya kai dafaffen abinci saurin karya shi, shi ya sa masassaƙin Maori na gargajiya ba ya cin abinci kusa da aikinsa, ba ya hure ɓarɓashin itace da bakinsa, ba a kuma kai wannan ɓarɓashi murhu a yi girki da shi.

A tsohon addinin waɗannan tsibirai, gizago shi kaɗai ba ya mai da itace abin bauta. David Malo, masanin Hawai da aka haifa a zamanin tsohon addini ya kuma rasu a 1853 yana faston Kirista, ya rubuta yadda ake kafa luakini, wato wurin ibadar sarakuna da ake keɓe wa Ku, abin bautarsu na yaƙi da mulki. Ana hawa daji a sare itacen ohi'a da addu'o'i da hadaya, har da hadayar mutum, a sauko da shi a sassaƙa a kafa, sai bayan kwanaki ana bukukuwan ibada a yi masa irin abin da ake yi wa jariri, a yanke masa cibiya ta alama a ɗaura masa bante, daga nan ne ake ɗaukarsa mazaunin abin bauta. A Tahiti, abin da ya fi kowane tsarki a wurinsu, wanda ake kira to'o, sau da yawa sanda ce da ba ta da cikakkiyar siffar mutum, an naɗe ta da igiyar kwakwa an saka mata jajayen gashin tsuntsu, kuma a gashin ne ake ganin ƙarfin yake. Su ma Maori suna da 'yan sanduna masu sassaƙaƙƙen kai waɗanda ba a ɗaukar akwai kowa a cikinsu sai malamin addininsu ya ɗaure su da igiya ya yi kira. Tsarkin, a fahimtar masu abin, yana zuwa ne ta hanyar tsari da addu'a da hannun wanda ya cancanta.

Yadda wannan tsari ya rushe yana da muhimmanci ga tambayar, domin masu saurin hukunci sukan ɗora komai a kan 'yan mishan, alhali a Hawai sarakunan ƙasar ne da kansu suka fara. Sarki Kamehameha na Ɗaya ya rasu a watan Mayu na 1819, kuma kafin shekarar ta ƙare magajinsa Liholiho, bisa matsin lambar Ka'ahumanu da mahaifiyarsa Keopuolani, ya zauna ya ci abinci tare da mata a bainar jama'a, abin da kapu ya haramta, aka ba da umarnin rushe wuraren ibada da ƙona gumaka. Waɗanda suka ƙi yarda, ƙarƙashin Kekuaokalani, an ci su da yaƙi a Kuamo'o, sai a 1820 'yan mishan na farko suka iso daga Amurka. Daga cikin manyan gumakan Ku na wuraren ibada, uku ne aka sani sun rage, ɗaya a gidan tarihi na Bishop a Honolulu, ɗaya a gidan tarihin Birtaniya a Landan, ɗaya a gidan tarihi na Peabody Essex a garin Salem, kuma a 2010 aka haɗa su wuri ɗaya na 'yan watanni a Honolulu. A kudu kuma, mutanen tsibirin Rurutu sun miƙa wa 'yan mishan na Landan gunkinsu mai suna A'a a 1821 domin shaidar sun karɓi Kiristanci, ya ƙare a gidan tarihin Birtaniya. Abin da ya biyo baya a Hawai ba zaɓin 'yan ƙasa ba ne: an kifar da Sarauniya Lili'uokalani a 1893, an mai da Ingilishi harshen koyarwa a makarantu a 1896, Amurka ta haɗe tsibiran a 1898.

Tikin da masu sha'awa suke sassaƙawa a yau ɗan wani tarihi ne daban, wanda ya fara a mashaya. Bayan an janye dokar hana barasa a Amurka a ƙarshen 1933, wani mutum mai suna Ernest Gantt, wanda daga baya ya koma Donn Beach, ya buɗe mashaya a Hollywood ya ƙawata ta da kayan tsibirai, sai Victor Bergeron ya bi sawunsa a Oakland da gidan da ya zama Trader Vic's. Sojojin da suka dawo daga yaƙin Fasifik, da zaman Hawai jiha a 1959, da sauƙin tafiya a jirgin sama, duk sun ƙara wa abin kasuwa, har ya zama otal-otal da gidajen abinci da rukunin gidajen haya suna kafa gumaka a ƙofa, kamfanin Disney ma ya buɗe ɗakin wasan tiki a 1963. Kamfanin Oceanic Arts da Bob Van Oosting da LeRoy Schmaltz suka kafa a Kalifoniya a 1956 ya yi shekaru fiye da 60 yana sayar wa waɗannan wurare kayan ado kafin a rufe shi a 2021. Masassaƙan wancan zamani sukan ɗauko ido daga Markisas, baki daga Hawai, dogon hanci daga Rapa Nui, su haɗa da salon zanen barkwanci, su fito da wata halitta da ba ta taɓa tsayawa a kowane wurin ibada ba. Yayin ya dushe a shekarun 1970, ya sake tasowa a shekarun 1990, kuma littafin da Sven Kirsten ya fitar a kan tarihinsa a 2000 ya jawo sabbin masassaƙa da yawa.

Adalci ne a faɗi cewa aikin nasu aiki ne na gaske. Mai sassaƙar sha'awa yakan samo gungumen wani itace dangin giginya daga wurin masu sare bishiyoyin gari, gungume mai nauyi saboda ruwan da ke cikinsa, ya ɓare masa ɓawo, ya ɗora shi a kan wani abu don kada ya taɓa ƙasa, ya bar shi watanni ya sha iska. Sai ya ja layi da alli daga sama har ƙasa domin fuskar ta daidaita, ya zana gira da hanci da leɓe, ya fitar da manyan ramuka da zarton inji, sannan ya koma ga kurfi da guduma yana bin haƙora ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan itace zare-zare ne, yana dakushe kaifi yana soke hannu, kuma bayansa ne yake da tauri, cikinsa laushi gare shi, wanda ya zurfafa yanka ya kai ga ɓargon ya buɗe wa ruɓa ƙofa. A ƙarshe yakan babbaka fuskar da wutar gas, ya kankare da burushin ƙarfe har zanen itacen ya fito, ya shafa mai domin kare shi daga ruwa. Sau da yawa kuɗin da zai samu ba ya biyan sa'o'in da ya kashe, kuma wanda ya san haka ba zai yi saurin kiransa maci amana ko ɗan damfara ba.

Hujjar da irin wannan mutum yake kafawa ita ce ta niyya, kuma ba hujja ce mai rauni ba. Yana cewa bai hau daji da hadaya ba, bai yi kira ba, bai ɗaura wa itacen bante ba, saboda haka ko a ma'aunin masu tsohon addinin abin da ya fito daga hannunsa itace ne kawai. Yana ƙarawa da cewa siffar da ya yi haɗe-haɗe ce da aka ƙirƙira a Kalifoniya, ba hoton wani kaka ko wani abin bauta ba ce, kuma fasaha tun fil azal aro take yi, babu al'ummar da ba ta ɗauko ado daga maƙwabta ba. Duk wannan gaskiya ne gwargwadonsa. Wanda ya musanta cewa tikin Amurka ya zama wata al'ada mai zaman kanta, da gwanayenta da salonta da almajiranta na kusan shekara 70, ya musanta abin da ido yake gani, har gidan tarihi na Quai Branly a Faris ya shirya masa baje koli na musamman a 2014.

Sai dai hujjar tana tsagewa a wurin da aka zo ciniki. Da a ce itacen fanko ne kamar yadda ake faɗa, da babu abin da zai sa mai saye ya fifita shi a kan kujera ko akwatin furanni da aka yi da irin wannan gwaninta. Abin da ake saye shi ne ɗan tsoron nan da fuskar take jefawa, da jin cewa an kawo wani abu na tsafi da nisan duniya cikin lambu, shi ya sa tun zamanin kayan tsaraba na 'yan yawon buɗe ido ake maƙala wa ƙananan gumaka 'yar takarda da ke cewa wannan na sa'a ne, wannan na kuɗi, wannan na soyayya, a kuma lanƙaya musu sunayen Ku da Lono da Kane da Kanaloa, manyan ababen bauta huɗu na Hawai. Mai sayarwa a nan yana riƙe da magana biyu da ba sa zama a baki ɗaya: idan aka tuhume shi sai ya ce ado ne, idan mai saye ya tsaya a gabansa sai ya jingina da kwarjinin addinin da ya ce babu ruwansa da shi. Ribarsa tana fitowa ne daga ragowar tsarkin da wasu mutane suka tara a cikin siffar da addu'arsu da tsoronsu na ƙarnuka, kuma wanda yake cin moriyar abu ba shi da bakin cewa abin ba ya nan.

Tsagewa ta biyu ta fi zurfi, domin ta shafi inda ma'ana take zama. Niyya abu ne na zuciya, siffa kuwa a fili take, kuma da zarar ta bar hannun mai ita sai ta shiga idon mutanen da suka san ta tun kafin a haife shi. Mafi shahara a kayan tiki na Amurka shi ne kofin tangaran da aka yi da siffar kan gunki ana shan barasa a cikinsa, kuma wanda ya tuna matsayin kai da matsayin abinci a tsarin tapu zai gane cewa da wuya a sami haɗin da ya fi wannan muni a idon ɗan Folinisiya mai riƙe da al'adarsa, ko da wanda ya ƙera kofin bai taɓa jin labarin tapu ba. Mai karatu Bahaushe zai iya auna abin da kansa, ba don a daidaita addinan ba, sai don a gane yadda ciwon yake: a ce wani a wata ƙasa mai nisa ya sassaƙa allo, ya yi masa wasu zane-zane masu kama da rubutun almajirai, ya rataye a mashaya, sannan ya ce shi ƙawa kawai ya gani. Ba za a ce ya yi ƙarya game da zuciyarsa ba, amma ba za a ce maganarsa ta kashe zancen ba. Ga shi kuma mutanen da abin ya shafa suna nan da ransu. Tun daga shekarun 1970 'yan asalin Hawai suke farfaɗo da harshensu da tuƙin jiragen ruwansu da sassaƙarsu, akwai kuma waɗanda har yau suke kai kyautar girmamawa gaban ki'i. Aron da aka yi daga maƙwabci mai ƙarfi daban yake da wanda aka yi daga mutanen da aka ƙwace wa sarauta aka hana 'ya'yansu karatu da harshensu, sannan aka mai da fuskar ababen bautarsu alamar hutu da shaye-shaye.

Wani abu da ya faru a kasuwar kayan tarihi ya nuna yadda ido kaɗai ba ya yanke wannan hukunci. A watan Nuwamba na 2017 attajirin Amurka Marc Benioff ya sayi wani ki'i na salon Kona, wanda tsayinsa bai fi rabin mita da kaɗan ba, a gwanjon kamfanin Christie's a Faris a kan kimanin dala miliyan 7.5, ya ba da shi kyauta ga gidan tarihi na Bishop. A 2019 wasu masana suka fito suka bayyana shakkarsu, suna ganin zai yiwu aikin ƙarni na 20 ne, ba na zamanin Kamehameha ba. Ko wane ɓangare ne yake da gaskiya, itacen bai canza ba tsakanin ra'ayin farko da na biyu, tsayinsa da haƙoransa suna nan yadda suke, abin da ake jayayya a kai shi ne hannuwan da ya bi ta cikinsu da wurin da ya taɓa tsayawa. Maori sun daɗe da sanin haka, domin a wurinsu tsohon hei-tiki yana da sunansa na kansa da jerin waɗanda suka rataya shi, darajarsa tana ƙaruwa da kowane wuya da ya zauna a kai, abin da tikin roba da kamfanin jiragen sama na Niyu Zilan ya yi shekaru yana raba wa fasinjoji ba shi da shi. Wannan yana ba mai sassaƙar sha'awa rabin gaskiya, tunda aikinsa ba shi da wannan salsala, yana kuma ɗora masa nauyi, tunda kamannin da ya aro suna nuni zuwa ga salsalar da ba tasa ba.

Malaman Musulunci, waɗanda suka zo wa lamarin ta wata ƙofa daban, su ma ba su bar wa niyyar mai sassaƙa hukuncin ba. A hadisin Jabir ɗan Abdullahi da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya haramta cinikin gumaka a shekarar buɗe Makka tare da cinikin giya da mushe da alade, kuma hanin ya hau kan cinikin ne kansa, ba a rataya shi a kan ko mai sayarwa yana bauta musu ba. An kuma ruwaito cewa wani mutum ya zo wa Ibn Abbas ya ce da yin siffofi yake ci, sai ya gargaɗe shi, da ya ga hankalinsa ya tashi ya nuna masa mafita, wato ya riƙa yin itatuwa da duk abin da ba shi da rai. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta mafi yawan Musulmin ƙasar Hausa, haramcin ya fi ƙarfi a kan siffar mai rai wadda take da inuwa kuma gaɓoɓinta suka cika, an sassauta a kan 'yar tsanar yara, an kuma bambanta ta da zane a kan shimfiɗaɗɗen abu. Kuma tun da can aikin masassaƙan Hausa turmi ne da taɓarya da akushi da kujera da allo. Dalilin da ya fi dacewa da wannan tambaya shi ne wanda aka ruwaito daga Ibn Abbas game da sunaye biyar da suka zo a Suratu Nuhu, cewa mutanen kirki ne da aka kafa musu siffofi domin tunawa, ba a bauta musu ba sai da waɗanda suka kafa su suka shuɗe, ilimin dalilin ya ɓace. Ma'anar wannan ita ce siffa tana daɗewa fiye da niyyar wanda ya yi ta. An sami malamai irin su Muhammad Abduh na Masar da suka yi sassauci a farkon ƙarni na 20 game da hotuna da mutum-mutumi na ilimi da tarihi, bisa ganin cewa haɗarin bauta ya yi nisa, amma wannan sassauci yana da wuyar miƙewa har ya rufe siffar da aka kwaikwayo daga abin bauta aka kuma kira ta da sunansa.

A Kiristanci ma akwai muryoyi biyu. Littafin Ishaya, a sura ta 44, ya kwatanta masassaƙin da ya ƙona rabin itace ya ji ɗumi ya gasa nama, ya mai da sauran abin sujada, domin nuna cewa gunki itace ne kawai. Manzo Bulus kuma, a wasiƙarsa ta farko ga Korintiyawa, ya yarda cewa gunki ba kome ba ne, amma bai bar mai wannan sani ya yi yadda ya ga dama ba, ya ɗaure shi da lamirin ɗan uwansa da abin zai yi wa tuntuɓe. Mai tauhidi yana tsoron kada siffar ta ja zuciya zuwa ga wanin Allah, ɗan Folinisiya yana tsoron kada a wulaƙanta abin da kakanninsa suka girmama, dalilansu sun yi hannun riga, amma dukansu sun ɗauki siffar da nauyi, kuma mai cewa wasa ne kawai shi ne ya rage shi kaɗai a ra'ayinsa.

Kuskure ne kuma a ɗauka cewa sayarwar ce kanta take ɓata abin, domin 'yan tsibiran ma suna sayarwa. A Markisas, wadda Faransa ta mamaye a 1842, cututtuka da rushewar rayuwa sun rage jama'a har suka koma wajen mutum 2,000 a shekarun 1920, kuma da yawa daga tsofaffin zane-zanen sun tsira ne a littattafan Bajamushe Karl von den Steinen, wanda ya ziyarci tsibiran a 1897, jikokin waɗanda ya zana aikinsu suka dawo suna koyo daga shafukansa. A yau masassaƙan tsibirai irin su Ua Huka da Nuku Hiva suna yin tiki da itacen miro da tou suna sayar wa baƙin da jirgin ruwa ya kawo, suna kuma kai kaya baje koli a Papeete, alhali mafi yawansu 'yan Katolika ne, kuma masassaƙan Markisas ne suka ƙawata babbar majami'ar Taiohae da aikin hannunsu. Ba su bauta wa tiki, kamar yadda ɗan Kalifoniya ba ya bauta masa. Bambancin shi ne su suna da waɗanda za su tuhume su: dattijon ƙauye da zai ce wannan zane ba a sa shi a nan, dangin da siffar take tuna musu da wani kaka, yaran da za su gaji sana'ar da sunan gidan. Shi kuwa mai sassaƙa a gareji babu wanda yake amsa wa tambaya sai mai saye, kuma duk lokacin da kayansa, ko kayan masana'anta masu arha, suka shiga shagon tsaraba ana ɗaukarsu aikin 'yan ƙasa, abincin wancan masassaƙi ne ya ragu.

Niyu Zilan ce ta fi nisa wajen neman tsari ga wannan matsala. Wata doka ta 1997 ta mayar wa ƙabilar Ngai Tahu mallakar dutsen pounamu da ke yankinta, a 2002 aka ƙaddamar da tambarin Toi Iho domin mai saye ya gane aikin da Maori ne suka yi, sannan a 2011 kotun sauraron koke-koken Maori ta Waitangi ta fitar da rahotonta a kan ƙarar da ake kira Wai 262, wadda aka shigar tun 1991. Rahoton ya raba ayyuka gida biyu. Akwai waɗanda suke da salsala da mai kula da su a raye, wanda Maori suke kira kaitiaki, kamar sananniyar siffar wani kaka ko waƙar wata ƙabila, waɗanda aka ba da shawarar kada a yi kasuwanci da su sai an tuntuɓi mai kula da su, a wasu halaye ma sai da yardarsa; akwai kuma waɗanda suka ɗauko salon Maori kawai suka gauraya shi da wani abu, waɗanda ba su da mai kula na musamman, kowa yana iya yin su, amma ana iya ƙalubalantar duk wanda ya yi amfani da su ta hanyar cin mutunci. Wannan rabo ya fi hankali a kan masu cewa a hana kowa taɓa komai da kuma masu cewa komai na kowa ne, domin ya bar wa fasaha hanyar aro, ya kuma amince cewa wasu siffofi suna da masu su.

Idan aka auna mai sassaƙar sha'awa da wannan ma'auni, ga wanda addininsa bai riga ya rufe masa ƙofar ba, mafi yawan abin da yake yi yana faɗawa gida na biyu ne, kuma abin da ake binsa bai fi ƙarfinsa ba: ya faɗa wa mai saye cewa aikin salon Amurka ne ba na 'yan tsibiri ba, ya bar sunayen Ku da Lono ga masu su, ya daina alkawarin sa'a da kuɗi, kada ya kwafi wani sanannen gunki gaɓa da gaɓa, kada kuma ya mai da kai mazubin abin sha. Shawarwarin kotun Waitangi ba su zama tilas ko a Niyu Zilan ba, balle su kai garejin da ke Fulorida, dokar Amurka ta 1990 da ta hana sayar da kaya da sunan ƙabilun Indiyawan ƙasar bisa ƙarya kuma ba ta haɗa da 'yan asalin Hawai ba, saboda haka babu hukumar da za ta tsare shi. Amma uzurin rashin sani ya yi masa wuya a yau, domin kundayen gidajen tarihi da yake buɗewa ya kwafo gira da leɓe su ne kuma suke ɗauke, a ƙarƙashin kowane hoto, da sunan tsibirin da aka ɗauko gunkin, sau da yawa har da shekarar da aka ɗauke shi da sunan wanda ya tafi da shi.